Ba Kowane Ciwon Tsoho Ne Tsufa Ba

Saurayin da ya ɗauki kwanon siminti a aikin madatsar ruwa ta Tiga, wadda gwamnatin Audu Bako ta fara a 1971 aka kammala a 1974, yau ya haura shekara saba'in. Haka budurwar da ta riƙa kai wa leburorin fura. Haka tsararrakinsu da suka haƙi kuza a Riruwai, da waɗanda suka buɗe gonakin masara a ƙasar Doguwa, da waɗanda suka fara kasa kaya a Kwanar Ɗangora tun ba ta zama kasuwar da take yanzu ba. Da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Waɗanda Allah ya ja da ransu suna nan a zaure, a gindin darbejiya, a ɗakin can ƙurya, kuma kusan duk abin da ya same su amsa ɗaya muke ba shi: tsufa ne.

Ido ya dushe, a ce tsufa ne. Kunne ya yi nauyi, tsufa ne. Baba ya wayi gari baki ya karkace, hannu ɗaya ba ya ɗaguwa, a shafa masa man zafi a ce gajiya ce ta shekaru. Iya ta daina gane jikokinta, a ce ai dama an kai munzalin. Da zarar an faɗi haka magana ta ƙare. Babu zuwa asibiti, babu kuɗin mota, babu wanda zai bar gona ko shago ya zauna jinya. A ganina wannan amsa mu masu lafiya take yi wa amfani, tsohon kuwa cutarsa take yi. Cikin abubuwan da muke tarawa wuri guda mu kira tsufa, akwai tsufan na gaskiya, akwai ciwon da ake warkewa daga gare shi, akwai kuma ciwon ƙwaƙwalwa da ba ya warkewa amma yana da yadda ake zama da mai shi. Rashin rarrabe su ne yake sa muna cutar da iyayenmu alhali muna ganin biyayya muke yi.

Kuma ba mutane kaɗan ake magana a kansu ba. A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa sun haɗa mutum fiye da 800,000. A Najeriya kimanin mutum 5 cikin kowane 100 ne suka kai shekara 60, ka ga ke nan tun a wancan lokacin ana maganar tsofaffi wajen 40,000 a wannan yanki kaɗai, jama'a kuma ta ƙaru sosai daga baya. Mafi yawansu manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwar ƙauye, da matan da suka ƙare ƙuruciyarsu tsakanin turmi da murhu. Ba su da fansho, ba su da giratuti. Ƙarfin jikinsu shi ne jarinsu, ranar da ya ƙare sai abin da 'ya'ya suka miƙo, 'ya'yan da da yawansu suna Abuja ko Legas ko Fatakwal suna fafutukar nasu cikin.

Tsufa na gaskiya a hankali yake zuwa, ba ya yin dirar mikiya. Tun bayan shekara talatin tsokar jiki take fara raguwa, bayan sittin raguwar ta ƙara sauri, shi ya sa mutumin da yake saɓa buhun masara shi kaɗai sai ka ga yana dafa gwiwa kafin ya miƙe daga tabarma. Daga wajen arba'in ido yake fara ƙin karatun kusa, sai an ɗan nisanta takarda. Barci ya rage nauyi, a farka tun kafin assalatu. Ƙashi ya rage ƙwari, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada, ta yadda santsin banɗaki kaɗai zai iya karya ƙugu. Jin ƙishirwa ma raguwa yake yi, tsoho zai iya wuni cikin zafin watan Afrilu bai nemi ruwa ba alhali jikinsa ya bushe. Tunani ya rage sauri, sunan wani ya kwanta masa, sai can an jima ya faɗo masa. Amma abin da ya tara na ilimi, da iya magana, da sanin halin mutane, da iya sasanta masu rigima, waɗannan ba sa bin shekaru su tafi. Shi ya sa har gobe idan rikicin iyakar gona ya tashi ba saurayi ake aikawa a kira ba. Tsohon da ya manta inda ya ajiye carbinsa, ya laluba ya gani, lafiyarsa ƙalau. Wanda ya riƙe carbin yana jujjuya shi bai san na mene ne ba, shi ne abin dubawa.

Asarar da ta fi ba ni takaici ita ce ta ido. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kashi 43 na makantar yanar ido ce ta jawo ta, kuma kashi 84 ana iya kare ta ko a magance ta. Yanar ido kuwa aikinta ba ya cika kai sa'a guda. A cire ƙwayar da ta yi hazo, a saka ta roba, washegari a buɗe bandeji mutum ya ga fuskar jikansa. A cikin birnin Kano ana yin wannan aiki kullum, a asibitin ido na ECWA da ke Sabon Gari, da na Makka, da asibitin koyarwa na Aminu Kano. Sai dai tsohon da yake ƙauye a bayan dajin Falgore, kafin ya isa can sai an biya kuɗin motar mutum biyu, an nemi masauki, an bar aikin gona. Sai a ce a bari bayan kaka. Kaka ta zo, ga bikin auren ƙanwa, a ce sai baɗi. Kafin nan masu yawo ƙauye-ƙauye suna tura yana cikin ido da tsinke sun biyo ta garin, an kai musu shi saboda araha, kuma binciken nan ya nuna yawancin idanun da aka yi wa wannan aiki ba sa ƙarewa da gani mai amfani.

Dubi abin da yake biyo baya. Mutumin da ba ya gani ya daina zuwa masallaci da asuba don tsoron faɗuwa, ya daina zuwa kasuwa, ya daina zagaya gona. Ƙafa ta ƙara mutuwa saboda zama. Labarin gari ya daina isa gare shi. Bayan shekara biyu sai ka ji ana cewa ai Malam ya fara ruɗewa, alhali ɗaki ne ya cinye shi.

Kunne ma haka, har ya fi ido ɓoyuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin ɗari na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai hana su walwala. Siraran sautuka ne suke fara ɓacewa, shi ya sa tsoho yake jin muryar ɗansa amma ta jikarsa ko ta surukarsa take wuce shi, a ce yana zaɓen wanda zai amsa wa ne. A yi magana sau uku, yara su gaji, su koma yin maganar a gabansa kamar ba ya wurin. A tambaye shi abu ya ba da amsar wani abu daban, majalisa ta yi dariya, gobe ya ƙi fitowa. Wani lokacin duk abin bai wuce dattin kunne da ya taru ya toshe ba, wanda ma'aikacin lafiya zai wanke cikin 'yan mintoci. Idan ma raunin ya tabbata, ihu ba ya ƙara masa ji, sai dai ya ƙara masa jin an raina shi. Ka zauna gabansa ya ga bakinka, ka rage sauri, ka kashe rediyo.

Ba don tausayi kawai nake dogon bayani a kan ido da kunne ba. Wani kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya fitar da rahoto a 2024, inda ya lissafa abubuwa 14 waɗanda idan aka magance su za a iya kare ko jinkirta kimanin kashi 45 cikin ɗari na gigin tsufa a duniya. Raunin ji yana ciki, raunin gani yana ciki, da hawan jini, da ciwon suga, da shan taba, da zaman kaɗaici, da ciwon damuwa, da ƙarancin karatu tun yarinta, da buguwa a ka. Wannan na ƙarshen ya kamata 'yan acaɓarmu da suka ɗauki hular kwano abin kunya su ji shi.

Hawan jini shi ne ɓarawon da ya fi yi mana ɓarna, domin ba ya ciwo. Mun san shi idan ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, amma kafin nan yana iya shekara da shekaru yana lalata ƙananan jijiyoyin da suke kai jini ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya yi noman rani da ruwan Tiga ya san idan ƙaramar magudana ta toshe, fangalin da take ba ruwa shi kaɗai zai bushe, sauran gonar tana kore shar. Haka ƙwaƙwalwa take rasa kanta gutsure-gutsure, yau lissafi ya tafi, bayan wata shida tafiya ta canja, bayan shekara fitsari ya daina riƙuwa. Maganin hawan jini ba ya cikin magunguna masu tsada, amma sha ake yi kullum har ƙarshen rayuwa, mu kuma mun saba da shan magani kwana uku mu ce mun warke. Ga kuma haɗin da ake karɓowa a kyamis saboda ciwon gwiwa da baya, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle a leda babu suna. Sau da yawa a ciki akwai masu kashe zafi irin su diclofenac da piroxicam, da irin su dexamethasone. Gwiwa ta yi sauƙi, gaskiya ne, amma jini ya hau, suga ya hau, ƙoda ta jigata, ciki ya yi gyambo. Ɗan kirki ne ya sayo wa ubansa da kuɗinsa, da kyakkyawar niyya.

Akwai wata ƙa'ida da nake so kowane gida ya haddace. Idan tsoho yana cikin hankalinsa ranar Juma'a, ranar Lahadi ya wayi gari yana sambatu, bai san inda yake ba, yana ganin mutanen da babu su, ko kuma ya yi lamo yana ta barci ba ya gane kowa, to wannan ba tsufa ba ne, ba kuma gigin tsufa ba ne. Ruɗewar farat ɗaya alama ce ta wani ciwo a jiki: zazzaɓin cizon sauro, ciwon sanyin mafitsara, ciwon huhu, bushewar jiki, faɗuwar suga, riƙewar fitsari ga maza masu kumburin mafitsara, ko wani sabon magani da aka fara ba shi. Jikin tsoho ba lallai ya yi zafi ba ko da ciwon ya yi tsanani, ruɗewar ita ce zazzaɓinsa. A kai shi asibiti a ranar, mafi yawanci idan aka magance ciwon hankali yana dawowa. A nan ne ake rasa mutane da yawa, ana zaune ana jiran a ga abin da hali zai yi. Da azumi ya faɗo cikin bazara abin ya fi yawa, domin tsofaffinmu sun fi kowa taurin kai a kan azumi. Addini ya yi wa wanda ba zai iya ba rangwame, amma tsoho ba zai karɓi wannan daga bakin ɗansa ba. A samu limamin unguwa ya faɗa masa.

Ciwon damuwa kuma ba ma ko lissafa shi. Matar da mijinta ya rasu, ƙawayenta suka ƙare, 'ya'ya suka watse, ta daina cin abinci, ta daina magana, komai aka tambaye ta ta ce ban sani ba. Sai a ce ƙwaƙwalwa ce ta tafi. Wannan yana da magani.

Saura gigin tsufa na ainihi. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ƙwayoyinta ne suke mutuwa sannu a hankali. Nau'in da ya fi yawa, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, shi ne wanda likitan nan na Jamus, Alois Alzheimer, ya fara bayyanawa a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 suke ɗauke da gigin tsufa, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari nasu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. Na sha jin masu ilimin boko suna cewa ciwon Turawa ne, mu zumunci ya kare mu. Akwai ɗan abin kamawa a maganar. Binciken da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da birnin Indianapolis na Amurka, wanda Farfesa Benjamin Osuntokun da Hugh Hendrie suka jagoranta, ya samu kashi 2.29 cikin ɗari a tsofaffin Ibadan, da kashi 8.24 a baƙaƙen fatar Indianapolis. Wani binciken da likitoci suka yi a Zariya, aka wallafa a 2011, ya samu kusan kashi 3. Ƙanƙantar adadin ba ta nufin babu. Ko da kashi 3 ɗin muka ɗauka, a waɗannan ƙananan hukumomi huɗu ana maganar ɗaruruwan gidaje. Kuma abubuwan da suke ƙara haɗarin, hawan jini da suga da watsewar iyali, ƙaruwa suke yi a wurinmu.

Yadda ciwon yake tafiya shi ne yake rikita mutanen gida. Sabon abu ne yake fara ɓacewa, tsohon abu ya daɗe. Iya za ta kawo maka sunayen ƙawayen da suka raka ta gidan miji, ta karanta surorin da ta haddace tana yarinya ba tuntuɓe, amma ba ta tuna ta ci tuwo minti goma da suka wuce. Ɗanta ya dawo daga tafiya ya durƙusa ya ce, "Iya, ina wuni, ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi ɗan nan, sai dai yunwa, tun jiya matarka ba ta ba ni komai ba." Wa zai ƙaryata uwarsa? Ta ɓoye kuɗinta a ƙarƙashin katifa ko cikin tulu, ta manta, ta ce surukar ce ta sace. Aure nawa ne ya mutu a kan irin wannan, Allah kaɗai ya sani. Iya ba ƙarya take yi ba, abin da ƙwaƙwalwarta ta ba ta take faɗa. Surukar ma ba ƙarya take yi ba.

Likitoci sun daɗe da lura cewa masu wannan ciwo sun fi rikicewa idan rana ta yi gora zuwa faɗuwarta. Haske ya ragu, inuwa ta yi tsawo, gajiyar wuni ta taru. Sai tsohuwa ta ɗaure kayanta ta ce za ta tafi gida, Innarta tana jiranta, alhali Innar ta shekara hamsin a ƙasa. Mu kuma tun muna yara aka gaya mana magariba lokacin fitowar aljanu ce, don haka fassara tana nan a shirye. Dattijon da aka sani da kunya da tsare harshe ya fara zagi ko ya tuɓe a tsakar gida, a ce sammu ne, ko a ce alhakin wani ne yake bin sa. Idan mace ce, talaka, marar 'ya'ya maza a kusa, aka gan ta tsakar dare a bayan gidan wani tana maganganu, kalmar da take biyo baya kowa ya san ta. A Fabrairun 2025 babbar kotun Jihar Kano ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa saboda kashe wata dattijuwa mai shekara 67 a ƙaramar hukumar Wudil, bisa zargin maita, zargin da ya samo asali daga mafarkin da wata marar lafiya ta yi. Idan mafarki ya isa a kashe mace tana cikin gonarta, ina ga wadda ciwo ya sa take yawon dare tana kiran sunayen matattu?

Ba na hana kowa addu'a ko tofi, ni ma ina yi wa nawa. Abin da nake ƙi shi ne a turara tsohuwa da hayaƙi mai shaƙe numfashi, ko a dake ta da sunan ana dukan aljani, ko a kulle ta a ɗaki da kwaɗo. Malamai sun yi bayani cewa wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, don haka babu dalilin yi wa Baba tsawa don ya yi azahar raka'a bakwai. Har yau babu maganin da yake warkar da ciwon. Wani da aka amince da shi a Amurka a 2023, lecanemab, ɗan jinkirta shi kawai yake yi, farashin da aka sa masa a lokacin kuwa dala 26,500 ne a shekara, ka ga wannan ba zancenmu ba ne. Namu shi ne iya zama. Kada ka yi gardama da Iya. Kada ka riƙa yi mata jarrabawa kana cewa "Kin gane ni? To wane ne ni?", ka faɗi sunanka kawai ka gaishe ta. Idan ta nemi mijinta da ya rasu, kada ka sake yi mata sabuwar ta'aziyya kullum, ka ja ta da hirarsa. A kunna fitila tun kafin duhu, a rufe bakin rijiya, a ɗinka takarda mai lambar waya a aljihun riga, a sanar da maƙwabta da mai unguwa cewa ciwo ne, domin wanda ya gan ta a bakin titi ko bakin magudanar ruwa ya riƙo hannunta ya dawo da ita. A ba ta aikin da hannunta ya sani, ɓarar gyaɗa, tsintar wake, sussukar masara. A bar jikoki su yi ta tsokanar ta suna kiran ta kishiya ko amarya. Wannan wasan jika da kaka da muka gada yana cikin mafi amfanin abin da muke da shi, kuma kyauta ne.

To amma wa yake yin duk wannan? A nan ne nake ganin munafuncinmu. A baki, kula da iyaye aikin 'ya'ya ne, kuma ɗan da yake birni ya turo dubu goma ta POS shi ake sa wa albarka a zaure. A aikace, wankin ƙazanta da ba da abinci a baki da kwanan zaune sun faɗa kan suruka, mace mai goyo ko mai ciki, wadda kuma ita ce ake zargi da sata. Idan babu ita, sai a cire jika mace daga makaranta a ce ta je ta zauna da Kaka. Jinyar mai gigin tsufa tana iya kai shekara biyar, takwas, har goma. Babu mutum ɗaya da zai ɗauke ta shi kaɗai bai gaji ba, wanda ya gaji kuma shi ne yake fara tsawa, daga tsawa sai hannu. 'Yan'uwa su zauna su raba kwana, maza su shiga cikin wankan mahaifinsu da kansu, a ba mai jinya hutu da haƙƙinta, a kuma yarda da ita idan ta kawo rahoto.

Akwai wani ɓangare da ba a cika taɓawa ba, shi ne na dukiya. A yankin nan, yawancin abin da ya shafi ƙasa a kan tsofaffi yake, ba a takarda ba. Wace gona ce gado, wace ce aro, wace ce jingina kuma a kan nawa, wace kuka ce iyaka, shanun wa aka ba wa kiwo, wa ya kawo ajiya, wa ake bi bashi. Ranar da ƙwaƙwalwar dattijo ɗaya ta tafi, shaidar gonaki goma ta tafi da ita, sai kotu da gaba tsakanin 'yan uba. Mafi muni, akwai ɗan da zai lura uban ya fara ruɗewa kafin kowa ya lura, ya kawo mai saye, a dangwala wa tsoho yatsa a takarda. Shari'a ba ta yarda da cinikin wanda ba ya cikin hankalinsa ba, amma tabbatar da hakan bayan shekaru aiki ne ja. Mun ɗauki tambayar uba game da dukiyarsa rashin kunya, kamar ana yi masa fatan mutuwa. Ni kuwa ina ganin rashin tambayar ne sakaci. Tun yana da ƙarfinsa a zauna da shi, da dagaci ko mai unguwa da liman, a zagaya iyakoki, a rubuta basussuka da amanoni da wasiyya, a ɗauki muryarsa a waya. Shi ma nauyi aka sauke masa.

Ta fuskar hukuma, takardu ba su yi ƙaranci ba. An sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa a Janairun 2018, an amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sanya tsofaffi cikin masu rauni da asusu na musamman zai ɗauki nauyinsu, Jihar Kano tana da hukumarta ta inshorar lafiya, KSCHMA. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi tun 2012. Ba na neman a gina irinta a Riruwai. Abin da yankin yake buƙata ya fi haka araha nesa ba kusa ba: na'urar awon jini da ta suga masu aiki a kowane ƙaramin asibiti, ma'aikacin da aka koya masa bambanta ruɗewar farat ɗaya da gigin tsufa, rumfar awo a ranar kasuwa, da zuwan likitocin ido sau ɗaya ko biyu a shekara bayan an gama girbi, lokacin da mutane suke da sarari. 'Yan majalisar tarayya biyu ne suke wakiltar Ƙiru da Bebeji, da Tudun Wada da Doguwa, ga 'yan majalisar jiha, ga shugabannin ƙananan hukumomi huɗu. Kuɗin rabon babura na rana ɗaya zai buɗe idanu masu yawa. Manyan 'yan kasuwar shinkafa da masara na Tudun Wada, da Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha, su ma suna da rawar takawa. Limaman Juma'a kuma su ware huɗuba guda su gaya wa jama'a a fili cewa gigin tsufa ciwo ne, ba maita ba ne.

Kai kuma mai karatu, idan kana da tsoho a gida, kada ka jira hukuma. Zuwanka na gaba, bayan turmin atamfa da goro, ka kai shi a auna jininsa da sugansa, a duba idonsa da kunnensa. Ka zazzage ledar magungunan da yake sha ka nuna wa ma'aikacin lafiya. Sannan ka keɓe da wadda take jinyarsa ka tambaye ta abin da take gani, ka saurare ta har ta gama.